Filin Tambaya da Amsa: A-kori-kurar da Baba ya bari

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon yawanci kan tsofaffin motoci masu ja da taya huɗu suka faɗa, sai na ga gara in haɗa su wuri ɗaya, na farkon kuwa zai ɗan ja mu da tsawo dan gaskiya ya taɓa min zuciya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana Toyota Hilux mai ƙofa huɗu ƙirar 1992, mai shan gas ce injin 3L, tun da ya kwanta ciwo ba wanda ya ƙara tayar da ita yau shekara shida kenan tana ajiye a bayan gida, tayoyi duk sun sace fenti ya koɗe. A cikinta aka kai mu makaranta dukkanmu, ni a cikinta ma na koyi tuƙi. Yayyena sun ce a sayar ni kuma wallahi raina baya so. Na yi niyyar in sa mata batir in tayar in kai wa mai fenti ko in sun ga tayi kyau sa haƙura. Dan Allah ta ina zan fara?

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa na fahimce ka sarai, amma ina roƙonka abu biyu, kar ka murɗa ki ɗin nan yanzu, kuma ka ajiye maganar fenti sai can ƙarshe. Fenti kowane lokaci ana iya yinsa, inji kuwa in ka tayar da shi a bushe bayan shekara shida, minti biyu sun isa ya yi ɓarnar da za ta sa ka koma bayan yayyenka da kanka.

Kafin ka kashe komai, shiga ƙarƙashinta ka duba shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da bodi da inji da komai ke zaune a kansu. Ka riƙe tocila da ƙaramar guduma da sukudireba, ka bi shi tun daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya za ka ji ya amsa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji dum kamar ka bugi ruɓaɓɓen katako, ɓawo-ɓawo ja na zubo maka a fuska, wani wurin ma in ka danna sukudireba sai ka ga ta shige salin-alin. Ka fi tsayawa inda aka rataye sufurin, wato ƙarafan nan masu rage wa mota girgiza, da saman aksul na baya, da gefen tanki, dan nan ne laka ke maƙalewa ta riƙe danshi, kuma shasin irin wannan motar rufaffe ne kamar akwati, tsatsa daga ciki take fara cinsa kafin ta leƙo waje. Tsatsar sama ba komai bace, a kankare a shafa maganinta a yi mata baƙin fenti. Rami ɗaya ko biyu mai walda da ya san aikinsa zai yanke ya sa sabon ƙarfe mai kauri iri ɗaya. Amma in ka samu wurin sufurin ya ruɓe hagu da dama, toh a nan ne za ku zauna da yayyenka ku yi magana ta gaskiya, dan motar da za ta ɗauki iyali ce. Kuma dan girman Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, a sa mata ƙafafun ƙarfe a kan ƙasa mai tauri a kuma tokare tayoyi.

In shasi ya tsira sai inji. A juye baƙin mai a canza filta, ka tsaya da kanka lokacin da aka kwance notin ƙasa ka kalli abin da ya fara fitowa, dan ruwa ya fi mai nauyi, in akwai shi shi zai riga fita. A zubar da tsohon gas ɗin tanki a wanke tankin, a sa sabuwar filtar gas, a saman gidan filtar akwai ɗan famfo na hannu, da shi ake dannawa har iska ta fita ya yi tauri. A buɗe gidan filtar iska a leƙa sosai, ɓeraye na son yin sheƙa a wurin kuma suna cin waya. Daga nan bakanike ya cire hita huɗun nan masu ɗumama silinda kafin inji ya tashi, ya sa sufana a babban notin gaban inji ya juya da hannu a hankali zagaye biyu cikakku. In ya juya lafiya alhamdulillahi. In ya cije kar a tilasta, kar kuma wani ya ce a ɗaura mata igiya a ja ta da wata mota a saki kuloci, da yawa a nan suke karya ringi.

Yanzu ga abin da na fi jin tsoro a injinka. 3L injin lita 2.8 ne mai silinda huɗu, mai haƙuri ne ƙwarai, amma taimin ɗinsa bel ne na roba mai haƙora, kuma ƙa'idarsa a canza shi duk kilomita 100,000. Wani zai ce ai motar a ajiye take maleji bai motsa ba, toh roba ba ruwanta da maleji, shekaru ma cin ta suke. Na taɓa riƙe irin wannan bel ɗin da aka ciro daga motar da ta daɗe a tsaye, ta baya sumul kamar sabo, da na lanƙwasa shi sai ga gindin haƙoran duk ya tsattsage, ɗaya ma da farce na ɓalle shi. In ya tsinke inji na aiki fistin zai daki bawul, kaga aikin da bai kai ya kawo ba ya koma sauke kan inji gaba ɗaya. A canza shi tun kafin tashin farko, tare da tenshina mai tamke bel ɗin da oyel sil ɗin gaba, in da hali har famfon ruwa tunda an riga an buɗe wurin. Sannan a cire wayar da ke buɗe wa famfon gas hanya, a yi ta ba ta ki daƙiƙa goma-goma ana hutawa har fitilar mai ta dashbod ta mutu, alamar mai ya zaga ko'ina kenan, sai a mayar da waya da hita a tayar. Hayaƙi zai fito da farko kar ka tsorata, ka bar ta a silo ta yi ɗumi kana kallon allurar zafi. Wanda ya ƙi ɗaukewa shi ake bi, shuɗi baƙin mai take ƙonawa, baƙi gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan sai a duba nozul da filta, fari mai kauri tare da raguwar ruwan lagireto kuwa a duba gasket.

Ko ta tashi kar ta taka titi sai an yi birki. Man birki yana shan danshin iska shi ya sa ake so a canza shi duk shekara biyu, naka ya yi shida ko fiye, a zubar duka a sa sabo DOT 3 ko DOT 4, kar a haɗa da DOT 5 ba jinsinsu ɗaya ba. Tiyon roban birki a canza su ko da ba su tsage ba dan ta ciki suke kumbura, a buɗe gangunan baya a duba ko silindojin na tsiyaya. Tayoyi kuma ka karanta gefensu, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, in ka ga 2316 yana nufin sati na 23 na shekarar 2016. Tayar da ta kai shekara goma ta gama ko da zanenta bai cinye ba, balle wadda ta zauna a sace mota na danne ta. Ka sa huɗu girma ɗaya zane ɗaya, a mota mai ja da taya huɗu wannan ba ado bane.

Sai man giya da na giyar taimako mai sa mota ta ja da taya huɗu, da na aksul gaba da baya, aksul GL-5 ake sa masa, galibi 80W-90. Ka sa a fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, dan in aka juye sannan na sama ya ƙi kwancuwa an shiga uku. Bayan duk wannan ka yi wata biyu kana hawanta kana saurare, yoyo da ƙara duk za su bayyana kansu a gyara, sannan a je ga fenti. Shawarata ma ka ɗauki babban yayanku ku ɗan zaga ranar da ta fara tafiya lafiya, ya zauna a kujerar da ya saba zama yana yaro.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, maigidana ya yi tafiya ya bar min tsohuwar Nissan Patrol ɗinmu. Ranar da aka yi ruwa na sa ta a 4H na fita daga taɓo, na manta ban cire ba na hau kwalta, sai na ji sitiyari ya yi nauyi in zan sha kwana tayoyi na ƙugi motar na tirjewa, ƙaramar giyar kuma ta ƙi komawa 2H sai da ƙyar. Na ɓata wani abu ne?

AMSA: 'Yar'uwa kwantar da hankalinki, in tafiyar ba ta yi nisa ba da wuya a ce wani abu ya karye. Ga abin da ya faru. Duk lokacin da mota ke shan kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin doguwar tafiya, toh irin motarku a 2H tayoyin baya kaɗai ke ja, in aka sa 4H, wato ja da taya huɗu, giyar taimako da bakanikai ke ce wa ogzilari tana ɗaure farfelar gaba da ta baya su juya daidai wa daida ba sassauci. A cikin taɓo ko rairayi taya na ɗan zamewa bambancin ya tafi, a busasshiyar kwalta kuwa ba zamewa, sai ƙarafan su yi ta murɗuwa kamar igiyar da ake tufkawa, shi ne nauyin da kika ji kuma shi ya riƙe giyar. In ya sake faruwa kar ki yi kokawa da ita, ki miƙe sitiyari ki yi baya a hankali 'yan mitoci, ko ki sauka gefen hanya inda akwai ƙasa, za ki ji ta saki da kanta. Akwai motocin da ke da difarenshal a tsakiya, wato giyar da ke barin gaba da baya su juya da gudu daban-daban, kamar wasu Land Cruiser 80, su an yi su ne su ja da huɗu kullum har a kwalta, taku ba irinsu bace. 4L kuma, wato ja da huɗu a hankali da ƙarfi, sai mota ta tsaya cak an taka kuloci ake sa ta. In tsakiyar tayoyin gaba na da abin murɗawa mai rubutun FREE da LOCK, ki tabbata duka biyun suna wuri ɗaya, kuma a mayar da su FREE in an koma kwalta. Amma kar tsoro ya sa ku daina amfani da ita kwata-kwata, ko sau ɗaya a wata a samu hanyar ƙasa a sa 4H a yi 'yan kilomitoci dan mai ya zaga ƙarafan gaba. In kika ji ƙas-ƙas daga gaba lokacin kwana, a kai wa bakanike ya duba.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne, Land Cruiser ɗina ta fi wasu 'ya'yana shekaru. Kwanan nan ina ganin wani baƙin abu mai danƙo yana tsiyaya ta bayan tayar gaba ta hagu, wani yaro a gareji ya ce in ƙara giris kawai. Haka ne?

AMSA: Baba barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Ƙarin giris ba zai tsayar da shi ba. A ƙarshen aksul ɗin gaba akwai wani ƙwallon ƙarfe da taya ke juyawa a kansa, cikinsa giris ne, cikin aksul kuma man giya ne, tsakaninsu ɗan oyel sil ne guda ɗaya. In ya mutu mai ya ratso ya narkar da giris ya zama wannan baƙin ruwan da kuke gani, aksul na rasa mai, joyin ɗin ciki na rasa giris, in aka bar shi kuma har kan birki yana kaiwa, wannan ne ya fi damuna. Ku sa a buɗe ɓangarorin biyu lokaci ɗaya, a canza sil da shafaffun bayan ƙwallon, a duba boris na sama da na ƙasa da na taya, a wanke tas a cika da giris mai moli, wannan mai ruwan toka, kamar kashi uku cikin huɗu. Kuma ku ce a duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksul, in laka ta toshe shi aksul ya yi zafi iska ba ta da mafita sai ta tura mai ta sil, sabo ma haka zai sake yi.

TAMBAYA: Motata tsohuwar Hilux tana zafi in na hau tudu da kaya, an ce in cire tamostat in riƙa zuba ruwa zalla.

AMSA: Kar ka cire ɗan'uwa, shi ke daidaita zafin inji, in ya lalace a sa sabo. Ruwa zalla shi ke haifar da tsatsar da ke toshe lagireto, ka sa ruwan sanyaya inji rabi da rabi da ruwa mai tsabta. A wanke lagireto ciki da waje, a canza murfinsa, a duba fanbel, a kuma gwada kulocin fanka dan zafi a kan tudu sau da yawa daga nan yake. In allura ta haura ka tsaya nan take, kan injin gas baya jure zafi yana iya tsagewa, kuma kar ka buɗe murfin sai inji ya huce ka iya ɗora hannu a kan tiyo.