Kyaftin Ɗinmu Ya Ajiye Wasa, Mu Ba Shi Kujerar Koci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Koci. Ina cikin kwamitin wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon kwando a jiharmu. Kocinmu ya bar aiki, shugabanmu kuma ya kafe sai an ba tsohon kyaftin ɗinmu da ya ajiye wasa bara. Bai taɓa horar da ko 'yan firamare ba. Duk wanda ya ɗaga murya sai a ce masa ai Steve Kerr ma haka ya fara, ya kuma ci kofi a shekararsa ta farko. Yaron nan ina ƙaunarsa. Tsorona kada mu kashe ƙungiyar, mu zubar masa da mutuncin da ya tara. Mako mai zuwa za mu zauna, me zan ce musu?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Tsoronka yana kan hanya, kuma maganar mutuncin yaron ta fi damuna a kan maganar kofi.

Mu fara da Kerr, tunda shi ne sandar da ake dukanku da ita. Gaskiya ne ƙungiyar Golden State ta Amurka ta ɗauke shi a 2014 bai taɓa zama koci ba, ya ci wasa 67 cikin 82, ya ɗaga kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2015. Sai dai masu ba da labarin daga tsakiya suke kamo shi. Kerr ya ajiye wasa tun 2003. A shekara 11 ɗin da suka biyo baya ya yi sharhin wasa a talabijin, ya kuma riƙe muƙamin babban manajan Phoenix Suns daga 2007 zuwa 2010, inda shi ke sayen 'yan wasa da sallamarsu, har koci ya taɓa kora. Ƙungiyar da ya gada ta ci wasa 51 kafin zuwansa, ga taurari irin su Stephen Curry da Klay Thompson. Da ya zo kuma sai ya ajiye tsofaffin hannu biyu a gefensa, Alvin Gentry da Ron Adams. Ka tambayi shugabanku wanne daga cikin waɗannan kyaftin ɗinku yake da shi.

Abin da ke ƙasan maganar shugabanku shi ne wannan tunani da nake karo da shi kusan kullum, har na gaji: wai wanda ya iya wasa ya iya koyar da shi, kuma gwanin gwanaye shi zai fi kowa iyawa. Sau da yawa gwanintar ce ma ke zame masa cikas. Tauraro yana ganin gurbin miƙa ƙwallo kafin gurbin ya buɗe, jikinsa ne ke yanke hukunci kafin ƙwaƙwalwarsa ta tambayi dalili. Ka ce ya bayyana wa yaro ɗan shekara 17 yadda ya gani, sai ka ji "kai dai ka duba mana!" Yaron ya duba, bai ga komai ba. Daga nan sai tsawa, sai a sa wa yaro sunan malalaci, alhali ba a koya masa komai ba. Magic Johnson, wanda samun mai idon fili irinsa sai an tona, ya karɓi Lakers a ƙarshen kakar 1994. Wasa 16 ya jagoranta, ya ci 5, ya sha kashi a 10 na ƙarshe a jere, ya ajiye aikin da kansa.

Aikin koci kuwa mafi yawansa ba a ganinsa ranar wasa. Tsara atisayen mako ne ta yadda 'yan wasa ba za su isa ranar Asabar da gajiya ba. Zaman kallon faifan abokan karawa ne har dare ya raba. Sanin wa zai fita a minti na nawa, da wa za a ɓoye saboda ya yi laifi uku tun kafin hutun rabin lokaci. Ɗan wasa bai taɓa ɗaukar wannan kaya ba, shi kansa kawai yake lura da shi. JJ Redick, da Lakers ta ɗauka a 2024 daga teburin sharhi, ya ci wasa 50 a kakarsa ta farko, abin yabo. Amma a wasa na huɗu da Minnesota a zagayen fitar da gwani ya bar mutum biyar a fili tun daga dawowa hutun rabin lokaci har aka tashi, bai canza kowa ba. Suka sha kashi, aka fitar da su a wasa na biyar.

Sai wadda ta fi kusa da ku: bara kyaftin ɗinku tare suke cin abinci a kwano ɗaya da yaran nan, bana shi zai ce wa amininsa zauna a benci. Derek Fisher ya bar fili a 2014, a shekarar New York Knicks ta ba shi kwantiragin shekara biyar. Wasa 17 kacal ya ci a kakar farko, aka sallame shi a Fabrairun 2016. Steve Nash, gwarzon NBA sau biyu, ya karɓi Brooklyn a Satumbar 2020, kuma tun ba a fara wasa ba tauraron ƙungiyar Kyrie Irving ya fito ya ce shi bai ɗauka suna da babban koci guda ɗaya ba. A 2022 Boston ta share su a zagayen fitar da gwani, ta ci wasa huɗu a jere ba su ci ko ɗaya ba. Wa ke jagorantar Boston ɗin a lokacin? Ime Udoka, wanda ya buga wa D'Tigers ta Najeriya, wanda kuma shekara guda kafin nan mataimakin Nash ne. Shi ya yi shekara tara yana ɗaukar allo a bayan wasu, bakwai daga ciki a ƙarƙashin Gregg Popovich.

A Amurka in koci ya gaza, kuɗi ne suka salwanta. A ƙananan ƙungiyoyinmu, inda babu likita babu mai kula da lafiyar gaɓoɓi, jikin yara ne ke biya. Na ga wani tsohon gwani da idona yana sa 'yan shekara 15 tsallen kwaɗo a kan siminti da tsakar rana don sun zubar da jifan kyauta, hujjarsa ita ce haka aka yi masa. Shi jikinsa ya jure, shi ya sa ya zama tauraro, waɗanda gwiwarsu ta lalace a hanya kuwa ba wanda ke tuna sunansu. Masu ihu a Facebook cewa "a ba ɗan gida" ba za su raka kowa asibiti ba. Haka masu ganin in an tura shi kwas na kwana uku ya dawo da takarda shi ke nan an gama. Kwas ɗin masu horarwa na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, yana da amfani, ya je ya yi, amma takarda ba ta taɓa tsayar da wasa saura daƙiƙa 40 ta zana abin da za a buga ba.

Ban ce ba ya yiwuwa ba. Tsohon tauraro Larry Bird ya karɓi Indiana a 1997 babu gogewa, ya zama gwarzon koci a 1998, ya kai su wasan ƙarshe a 2000. Amma ya san abin da bai sani ba: kai hari ya damƙa wa Rick Carlisle, tsaro ya bar wa Dick Harter.

Ranar zamanku kada ka soki yaron, za a ce hassada ce. Ka kawo shawara a ba shi mataimakin koci na kaka biyu, a kuma damƙa masa 'yan ƙasa da shekara 16 ya riƙe da kansa, babban koci yana leƙawa. In shugaba ya ƙi sauka, to ku sa sharaɗi a rubuce: dattijon koci a gefensa mai albashi da ikon magana, kuma kafin a sa hannu ya kawo muku tsarin atisayen mako huɗu a takarda, ya gudanar da guda ɗaya kuna tsaye a bakin fili. Ku kuma kira shi gefe ku tambaye shi, a cikin abokansa wa zai fara ajiyewa a benci.