Amsa: Boxer na harbi bayan canjin salansa da matatar iska

Malam, harbin (ƙarar tas-tas daga salansa) da ka ce mashin ɗinka na yi in ka saki totur, ga zafin inji, alama ce iska ta rinjayi mai. Da ka sa buɗaɗɗiyar matata da sabuwar salansa, ka buɗe wa iska hanya gaba da baya, kafireta kuwa tana nan yadda kamfani ya saita ta.

Fara duba robar da ta haɗa kafireta da inji, da inda salansa ta haɗu da inji, kada iska na satar shiga. Sannan kwance fulogi. In bakinsa fari fat ne, mai ya yi kaɗan. Baƙi da kunkunniya, ya yi yawa. Launin shayi da madara ake nema.

Shi ɗan sukurun haɗin iska da mai da bakanikai ke murɗawa a jikin kafireta silo da ƙaramin totur yake gyarawa, kuma sai inji ya ɗumama ake taɓa shi. Tsakiyar totur aikin allurar cikin kafireta ne: sauko da kilif ɗinta gaɓa ɗaya, allurar ta ɗaga, mai ya ƙaru. In a cikakken gudu yake shaƙewa, babban jet, wato ƙofar da mai ke bi cikin kafireta, za ka ƙara wa girma, mataki ɗaya tukuna.

Ni dai buɗaɗɗiyar matatar nan ba na sonta a Gusau. Ƙurar hunturu kan hanyar Ƙauran Namoda cinye zoben fistin take yi. Mayar da akwatin matata na asali, ka bar sabuwar salansar a jiki.