Me Ya Sa Ƙwallo Take Tsayawa Da Kanta?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Malaminmu na kimiyya ya ce duk abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya muddin ba a tare shi ba. Amma idan na buga ƙwallo a filin makaranta, tana ɗan gangarawa sai ta tsaya, kuma babu wanda ya taɓa ta. Ina gaskiyar take? Daga wani ɗalibi ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Zariya.

AMSA: Ɗana, malaminku ya yi gaskiya, kai ma idonka bai yaudare ka ba. Shakkar da ta kama ka tsohuwa ce, domin Aristotle, masanin Girka, ya koyar da cewa abu ba ya tafiya sai ana tura shi, aka kuma yi ƙarnoni ana kan haka, har Galileo na Italiya ya nuna kuskuren, sannan Isaac Newton na Ingila ya tsara dokokin motsi guda uku a littafinsa da ya fito a 1687.

Inda ka ce babu wanda ya taɓa ƙwallon, nan ne gizo yake saƙar. Ƙasa tana taɓa ta, ciyawa da yashi suna gugarta, iska ma tana tokare ta, kuma wannan gogayyar ƙarfi ce mai ja da baya, wadda take rage mata gudu kaɗan-kaɗan har ta tsaya. Gwada ka gani: mirgina ƙwallon a kan yashi, sannan ka mirgina ta a kan daɓen siminti mai santsi, za ka tarar ta fi nisa a kan simintin. Da za a kawar da gogayyar gaba ɗaya, da ba ta tsaya ba. A sararin samaniya kusan haka abin yake: kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yanzu yana keta sarari da gudun kusan kilomita 17 a kowace daƙiƙa, ba tare da wani inji yana tura shi gaba ba.

Ma'anar dokar farko ke nan: aikin ƙarfi shi ne sauya motsi, wato tayar da abin da ke tsaye, tsayar da mai tafiya, ko karkatar da shi. Shi ya sa idan mai adaidaita-sahu ya taka birki ba zato, sai ka ji ka yi gaba kamar za ka gwara goshi da kujerar direba. Birki ya tsayar da keken, amma jikinka yana nan a kan tafiyarsa.

Ni dai na fi son a koyi doka ta biyu a wurin ɗan ga-ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kurar da ta ɗauki jarka 12 mai lita 25 tana ɗauke da kilo 300 na ruwa kaɗai. Dubi yadda yake sunkuyawa, ya kafa ƙafa, ya yi nishi kafin kurar ta motsa, alhali idan ya sauke ruwan da hannu ɗaya yake tura ta. Iya yawan kayan, iya ƙarfin da ake bukata kafin gudunsa ya sauya, kuma wannan ne dalilin da tsayar da cikakkiyar kura a gangara ya fi tsayar da wadda ba ta da kaya wuya da haɗari.