Ciyawar ado ko bishiyar lemu? Amsar Baba malamin gona a guruf ɗin unguwa

(Ga muryar da Baba ya turo a rubuce, saboda waɗanda ba su da data.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari tambayarki. Kin ce akwai ɗan fili a tsakar gidanki da ba a zuba wa siminti ba, kina tunanin ko ki sa irin ciyawar adon nan mai jan ganye da ake sawa a ƙofar otel-otel, ko kuwa ki dasa lemu, wanne ya fi sauƙin kulawa. To, kafin in ce komai, tambaya ɗaya zan yi miki: daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Kano, kina da ruwan da za ki iya bayarwa ba fashi? In akwai bohol a gidan, maganar lemu ta taso. In kuwa 'yan garuwa ne ke kawo miki, ki bi a hankali.

Dalili kuwa, mu a nan damina wata 4 ce, in ta yi albarka 5. Lemu kuma ba ya zubar da ganye ya huta da rani, a tsaye yake yana shan ruwa shekara gaba ɗaya. Shi ya sa yawancin lemun zaƙin da kike gani ana saukewa a Kasuwar 'Yan Lemo daga wajajen Binuwai yake zuwa, inda ruwan sama ya fi namu yawa kuma ya fi daɗewa. Ba wai ba ya yi a nan ba, yana yi sarai, amma da hannunki za ki cike masa abin da damina ta rage.

Ita ciyawar, gaskiya ba ta da wata doguwar magana. 'Yar uwar kyasuwa ce da gero, ki dubi kan da take fitarwa za ki gane dangi ɗaya ne. Gindinta ake tsagawa a dasa, sati 2 ko 3 ta kama. Rana take so, in kika sa ta a inuwa jan ganyen zai koɗe. Kada ki cika mata takin yuriya, sai ta yi tsawo ta kwanta. Kafin faɗuwar damina ki sa a datse ta, a bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, za ta tofo sabuwa fil. Bayan shekara 2 ko 3 tsakiyar gindin kan mutu, sai a tone a rarraba, har ki ba maƙwabta. Ki nemi mai jan ganyen, domin mai koren ganyen tana zubar da iri, baɗi sai kin yi ta cire ta a ko'ina. Abu biyu kawai zan ja kunnenki: in ta bushe da hunturu kada ta kasance kusa da murhu ko inda ake ajiye janareta, sannan kada a bar ta ta yi duhuwa a jikin katanga, sauro da ƙwari na son wurin, wani lokacin har abin ƙasa.

Af, tunda ciyawa kike so, me zai hana ki sa ciyawar shayi, wadda masu shayi ke jefawa a tukunya? Kyan gani tana da shi, ƙamshin lemun tsami tana da shi, kulawarsu ɗaya. Sai dai gefen ganyenta na yanka hannu, a kula da yara.

Yauwa, mu dawo kan lemu, nan ne aikin yake. Na farko, ki sayi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani lemun. Wanda aka shuka daga ƙwallo sai ki shekara 6, 7, har fiye kina jira, ga ƙaya, kuma ba ki da tabbacin irin 'ya'yan da zai ba ki. Mai aure kuwa a shekara ta 3 ko ta 4 ya fara. In kin je wurin masu sayar da dashe, ki duƙa ki duba ƙasan karan, kamar taƙi ɗaya daga bakin ledar, za ki ga ɗan gwiwa inda aka haɗa. In ba ki ga wannan gwiwar ba, ko me mai sayarwa zai rantse da shi, ki bar masa kayansa. Cibiyar NIHORT ta Ibadan mai binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa tana da reshe a Bagauda, wanda ke da hanya can yana iya tambayarsu iri mai kyau. Ni dai in za ki bi ta tawa, lemun tsami za ki fara da shi. Ya fi jure zafinmu, kuma kullum kina da buƙatarsa a kicin.

Rami ya kai santimita 60 faɗi da zurfi. A tsince ɓaraguzan bulo da siminti tsaf, magina sun saba binne su a tsakar gida, su ne ke sa ganye ya yi ruwan ɗorawa jijiyoyinsa kaɗai suna kore. A cakuɗa ƙasar da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki gara yake kirawowa, gara kuma a sati guda ta gama da ƙaramin dashe. A ba shi tazarar mita 3 aƙalla daga katanga da sokawe. Gwiwar nan kuma kada a binne ta, ta tsaya a sama.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan mutane ke kashe lemunsu da hannunsu. Ba rashin ruwa kaɗai ke kashe shi ba, zuba ruwa a jikin karan ma yana kashe shi. Sai ka ga an yi masa kwari a gindi, kullum ruwan wanke-wanke na kwance a ciki. Bayan ɗan lokaci ɓawon ƙasa ya tsage, wani ƙaro mai ruwan zuma ya riƙa tsatsowa, ganye ya fara zuba. Ciwon ruɓar gindi ke nan, in ya zagaye karan an gama. Abin da za a yi, a tara ƙasa kaɗan a jikin karan ta zama tudu, a yi kwarin a kewaye nesa da shi, daidai inda inuwar rassan ta tsaya, can jijiyoyin da ke sha suke. Ƙaramin dashe jarka ɗaya ta lita 25 sau 2 a sati ta isa, da bazara a mai da shi sau 3. A rufe kewayen da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa karan. Ruwan sabulu kuma a kai shi wani wuri.

Duk tohon da ya fito ƙasa da gwiwar, ki fizge shi tun yana ƙarami. Wannan na gindin da aka ɗora auren a kai ne, ya fi ƙarfi, in kika ƙyale shi zai danne na saman. Furen shekarar farko ma ki cire, na san da ciwo, amma bishiyar ta fara yin jiki tukuna. Sannan ki riƙa duba sabon ganye da safe. Za ki ga wani abu baƙi da fari kamar kashin tsuntsu a kan ganyen, to ba kashi ba ne, tsutsar malam-buɗe-littafi ce, in ta girma ta koma kore. Guda 3 ko 4 sun isa su yi wa ƙaramin dashe tsirara. Ba sai an yi feshi ba, a tsince da hannu a ba kaji. Taki kuwa NPK 15-15-15 ɗan cikin hannu, farkon damina da wajen Agusta, a barbaɗa a kwarin nan a zuba ruwa.

In gidan haya kike, Hajiya, ki sa ciyawarki kawai, ko a tukwane, ranar tashi ki ɗauki abinki. In naki ne kuma ruwa na nan, ki sa lemun a tsakiya, ciyawar a can gefen katanga, amma ba a gindinsa ba, don jijiyoyin lemu a sama-sama suke, ciyawar za ta riga shi shan ruwa da taki. Ki bari sai ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni, sannan a dasa, a kewaye shi da waya saboda awaki. Ki turo mana hoton filin da misalin ƙarfe 12 na rana in ga yadda inuwar katangar take faɗawa, sai in gaya miki inda za a haƙa ramin. A gaida Alhaji da yara.