Aikin sa kai a Njamena wurin yara masu naƙasa

Ƙanwata, kin ce daga Garwa ta Kamaru za ki je Njamena, babban birnin Chadi, wata biyu ki taimaka wa masu kula da yara naƙasassu, me za ki shirya?

Hanya ta Marwa ce zuwa Kusuri, ki haye gadar Ngeli ki shiga Njamena. Tsakanin Mora da Kusuri ki bi da rana. Kuɗin sefa iri ɗaya muke kashewa a Kamaru da Chadi. Ki riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Harshe ne zai ba ki wuya, don can Larabcin Chadi ake yi, Fillanci ba zai kai ki nisa ba.

Da na je, makon farko wanki da shanya kawai na yi, kuma daidai ne. Ran nan na ɗauki cokali zan ba wani yaro koko yana kwance, wuyansa ba ya tsayuwa. Mai kula da shi ta riƙe hannuna, ta zaunar da shi, ta tallafi haɓarsa, tana ba shi kaɗan-kaɗan kada ya ƙware. Kunya ta kama ni. Su suka san yaran; ke rage musu nauyi su samu su ci abinci su yi salla.

Kada ki ɗauki hoton yaro ba izinin iyayensa. Afrilu kuwa zafi kan wuce digiri 40.