Ga 'yar'uwata ta Mogadishu mai yarinya a makarantar kwana

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun bayan sallar asuba na ga tambayarki, na karanta na kife wayar, na sake ɗauka na karanta. Kin ce an tura Oga, wato maigidanki soja, Borno, ke kina barikin Mogadishu na Abuja da ƙananan, kun kawo babbar taku mai shekara 13 makarantar kwana a nan Jos, yau sati biyar ke nan duk ranar da aka ba ta waya ba ta da magana sai kuka da "Mama ki zo ki ɗauke ni". Kina tambaya ki cire ta ne ko ki daure. Wallahi kamar kin leƙa ɗakina a 2018 kika rubuta.

Na ga wasu sun ce miki shagwaɓa ce, ki rabu da ita, ai 'yar soja ba ta kuka. Ban ga laifinsu ba, don ni ma da bakin nan nawa na faɗa wa tawa haka, kuma har gobe ina da-na-sanin maganar.

Ummi tawa firamare huɗu ta yi. Ta fara a barikin Giginya a Sakkwato, muka tafi na Abakpa a Inugu, muka dawo Kaduna, sannan barikin Rukuba a nan Jos. Da ta yi ƙawa ta fara sakin jiki sai sigina, wato takardar canjin wurin aiki, ta fito, mu ɗaure kaya. Shi ya sa babanta ya ce a sa ta makarantar kwana, ko ina aka jefa mu ita dai tana wuri ɗaya har ta zana WAEC. Gaskiyarsa ce, har yau ban ce ya yi kuskure ba. Sai dai a JSS2 ta shiga, lokacin da kowace yarinya ta riga ta samu ƙawarta da gadonta da siniyar da ke tsaya mata. Ni kuma na ɗauka ɗan da ya tashi yana jin begila da asuba ba abin da zai ba shi wahala a makarantar kwana. Ta nan ɗin kam ba ta sha wuya ba. Tashin ƙarfe biyar, gyaran gado, guga, bin layi, duk ta fi su iyawa, har malamai na yabonta. Wannan yabon ne ya rufe mana ido gaba ɗaya.

Ranar ziyara ta farko, a watan Oktoba, garin nan ba daɗi. Ana tsakiyar neman Janar Idris Alkali da ya ɓace, Allah ya jiƙansa, an ciro motarsa daga kududdufin Dura-Du amma ba a ga gawarsa ba tukuna, ko'ina a bariki zancen ke nan. Na je mata da dambun shinkafa da soyayyen dankalin Turawa. Ta ci loma uku ta ajiye cokali. Da aka kaɗa ƙararrawar tashi sai ta damƙe gefen hijabina da hannu biyu, ba ta ce komai ba, hawaye kawai. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Haba Ummi, ke fa 'yar soja ce, kada ki ba babanki kunya." Ta share fuska da hannun suwaita ta ce to. Daga ranar ba ta sake yi min kuka ba, ni kuma na koma gida ina murna wai ta saba.

Kuma na yi mata ƙarya. Na ce babanta yana cikin garin Maiduguri, a barikin Maimalari, aikin ofis yake yi. Alhali yana can daji wajen Tafkin Chadi. Na manta ɗan bariki ba a ɓoye masa irin wannan. Sun san lambar bataliyar ubansu, sun san wane ne ya tafi da wane, a kasuwar mami, wato kasuwar bariki, suke jin komai kafin mu.

Ranar 18 ga Nuwamba aka kai hari sansanin soja na Metele a Borno. Waɗanda mazanku ke rundunar Lafiya Dole mai yaƙi da Boko Haram a lokacin ba sai na faɗa muku yadda satin nan ya kasance ba. Baban Ummi ba a wannan sansanin yake ba, amma yana yankin, kuma wayarsa ta daina shiga. Kwana tara. Ina zaune a kan sallaya, Magajiya, shugabar matan bariki, na shigowa tana fita, duk motar da ta tsaya a gaban bulo ɗinmu, wato rukunin gidajenmu, sai cikina ya ɗuri ruwa. A duk kwanakin nan ban yi tunanin labari zai tsallaka katangar makaranta ba. Ashe wata siniya mai ɓoyayyar waya ta nuna wa 'yan ɗakinsu hotunan da ke yawo, aka ce ai ga 'yar soja can, ku kira ta ta gani ko akwai babanta. Yarinya 'yar shekara 13 aka miƙa wa waya cikin dare tana duba fuskokin gawarwaki.

Washegari ta je wajen metiron ɗinsu, mai kula da ɗakin kwanansu, ta durƙusa, ta ce don Allah a ara mata waya minti ɗaya ta ji ko babanta na da rai. Matar nan ta ce ranar waya Lahadi ce. Ta koma washegari, ta ce mata, "Ku 'yan bariki kun fiye iyayi, wani saurayin za ki kira." 'Yar'uwa, kin san abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce wa mace 'yar bariki. Ita ma matar ta sani sarai, da gangan ta faɗa a gaban yara, kuma sunan ya bi Ummi. A wajen ɗibar ruwa, a ɗakin cin abinci, "'yar bariki, 'yar bariki". Yarinyar da ko ƙofar bulo ba ta fita ba hijabi, wadda ta yi saukar Alƙur'ani a Islamiyyar barikin nan tana aji shida. A daren na uku ta yi fitsarin kwance, abin da rabonta da shi tun tana shekara huɗu. Matar nan ta sa aka fito da katifarta aka jingine a bakin hanyar da kowa ke bi zuwa asambuli, ta sa ta tsaya kusa da ita cikin sanyin nan na Jos, ba suwaita, har aka shiga aji. Uwa ce fa, tana da 'ya'ya, na san biyu daga cikinsu. Na sha tambayar kaina me Ummi ta tare mata. Minti ɗaya na waya, naira nawa ne? Da ta ce min in biya, da na sayar da zobena na biya. An ce min har yanzu tana aiki a wata makarantar. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, har waɗanda suka ci kuɗin adashina, amma ita na bar ta da Allah, kuma duk lokacin da hunturu ya shigo sai na tuna ta.

Ba makaranta ce ta kira ni ba. Wata baiwar Allah mai yi musu girki, 'yar Irigwe, mai zuwa sayar da ganye a mami ranar Asabar, ita ta nemo bulo ɗinmu ta ce, "Mama, ki je ki ga yarinyarki, kwana biyu tana sikbe, ɗakin marasa lafiya, ba ta ci." Ko takalmi ban tsaya na daidaita ba. Maigadi ya hana ni shiga, ya ce ba ranar ziyara ba ce. Na zauna a ƙasa a bakin get ɗin tun hantsi har azahar, sai da shugabar makarantar ta zo fita da mota na tare ta. Ita kam Allah ya saka mata, ba ta san komai ba, ta shiga da ni da kanta. Na tarar da Ummi a kwance ta juya wa ƙofa baya, leɓenta duk ya tsage, ƙafafunta sun yi kaushi har suna jini. Da ta gan ni ba ta ce Mama ba. Cewa ta yi, "An kawo shi?"

Kwana biyu bayan nan ya kira, daga wayar wani abokinsa, muryarsa a dishe. Yana raye, Alhamdulillahi. Wasu maƙwabtanmu ba su samu wannan kiran ba, Allah ya jiƙan mazansu ya raya abin da suka bari.

To kin ga abin da ya sa ba zan ce miki shagwaɓa ba ce. Ban ce ki cire ta yau ba, don ni ban cire tawa ba, a nan ta gama SS3 a 2023, yanzu tana jami'a. Amma kada ki yanke komai daga Abuja ta waya. Ki shigo mota ki zo. Na san hanyar Akwanga da Hawan Kibo ba daɗi, na san kuɗin mota yanzu, ga ƙanana ba mai riƙe miki. Ki bar su wajen maƙwabciya kwana ɗaya, ai don haka muke zaune tare. Idan kin zo kada ki ce "lafiya dai ko", za ta ce lafiya. Ki tambaye ta wa ke kwana a saman gadonta, wa take ɗebo wa ruwa, wa ke riƙe da makullin lokarta, me ake kiranta da shi. Ki buɗe lokar da hannunki. Idan madara da Milo da garin kwakin wata guda sun ƙare a sati biyu, ba ita ta shanye ba. Ki kwance mata kai ki duba, ki duba bayanta da tafin ƙafarta. Kukan da take miki ma ki gode wa Allah, alama ce har yanzu tana ganin za ki ji ta. Tawa shiru ta yi.

Sannan ki faɗa mata gaskiyar inda babanta yake, daidai hankalinta. Ki yi mata alkawari cewa duk abin da ya faru, mai daɗi ko marar daɗi, daga bakinki za ta fara ji, idan ba ta ji daga gare ki ba to ƙarya ne. Wannan alkawarin shi ya fi yi wa Ummi magani fiye da komai. Ki shiga ofishin shugaba ki ce uban yarinyar nan yana Haɗin Kai, rundunar da ke yaƙi a Borno, ki roƙa a rubuta a fayil ɗinta cewa duk ranar da aka ji labarin hari a ba ta waya ko ba ranar waya ba ce. Ki karɓi lambar malamar ajinsu, kada ki dogara da metiron ita kaɗai. Ki yi abota da masu girki da mai shara, su ne ke ganin abin da manya ba sa gani.

Oga kuma duk ranar da ya samu sabis ya yi mata saƙon murya, ko na minti ɗaya ne, ya ambaci sunanta, ki tara ki kunna mata ranar ziyara. Idan ya samu fas, wato izinin zuwa gida, ya fara biyowa ta Jos kafin ya je gaishe da kowa. Nawa da ya dawo a farkon 2019 dangi sun so ya wuce ƙauye, har yayarsa tana cewa da ma wa ya ce a kai 'ya mace makarantar kwana uba ba ya nan, wai ni na zuga shi don in huta. Ni da na yi wata uku ba na iya cin tuwon dare idan na tuna gabzar da take ci. Wannan ma wani ciwon ne, mu bar shi. Ya dai je, ya zauna da ita a ƙarƙashin bishiya awa biyu, ya bar mata tsohuwar suwaitarsa. Da ita take kwana har ta gama makaranta, hannun ya zarce mata tana naɗewa.

Sanyin Jos kuma kada ki gwada shi da na Abuja. Muna sama da mita 1,200 a kan tudu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu ruwan bokiti kamar ƙanƙara yake da asuba, yara da yawa a nan suke fara tari da ciwon ƙirji. Bargo biyu, safa mai kauri, hular sanyi, man kaɗanya ko basilin babban kwalba. Ki tambaya ko makarantar na yarda da fulas. Ki rubuta sunanta a jikin komai, har bokiti da cokali.

Amma idan kin ga shatin duka, ko ta rame ƙwarai, ko ta fara fitsarin kwance, ko wata siniya ta maƙale mata da sunan uwar ɗaki tana kiranta gadonta da dare, ko ta ce miki gara ta mutu, kada ki tsaya lissafin kuɗin makarantar da aka biya, kada ki jira Oga ya samu sabis. Ki tattara kayanta a ranar. Akwai makarantar soja ta Command ta jeka-ka-dawo a barikin Lungi, kusa da ke, ta yi zango ɗaya ko biyu a gabanki, ba abin da zai rage ta.

Ni yanzu ina Rukuba, mun sake dawowa bara. Ki turo min sunan makarantar da ajinta ta akwatin sirri, kada ki sa a nan. Idan ba za ki samu zuwa ziyarar wannan watan ba ki kira su ki ce ƙanwar babanta za ta zo, in je in gan ta da idona in kira ki a gabanta. Akwai bargon Ummi guda ɗaya mai kauri a ƙasan akwati, zan wanke shi gobe. Ki faɗa min abin da ta fi so, dambu ko alale.