Shin sai na sayar da jitar bes ɗina ta farko kafin in samu zurfin sautin reggae?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jitar bes mai tsirkiya huɗu, kuma da ita na fara koyon kiɗa. Ba ta wani shahararren kamfani ba ce, an dai ƙera ta a kan fasalin Precision. Reggae nake so in ƙware a kai, amma sautina yana fitowa da ƙarar ƙarfe, idan kuma na ƙure bes a amfilifaya sai ya koma gurnani marar kan gado. Wani abokina ya ce ba mafita sai na sayar da ita na sayi Jazz Bass. Raina bai kwanta da rabuwa da ita ba. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayar da ita. Matsaloli biyun da ka ambata, ƙarar ƙarfe da gurnani, ba daga katakon jitar suke fitowa ba, daga tsirkiyoyi ne da wurin da hannunka yake kaɗawa da kuma yadda ka saita amfilifaya, saboda haka ko ka sayi jita mafi tsada za su bi ka zuwa kanta.

Na san inda maganar abokinka ta samo asali. Aston Barrett, wanda aka fi sani da Family Man, shi ne ya riƙe bes a ƙungiyar Wailers ta Bob Marley, kuma da Fender Jazz Bass aka fi saninsa, don haka mutane da yawa suka ɗauka cewa sautin a cikin jitar yake. Kamfanin Fender ya fitar da Precision a 1951, ya biyo da Jazz Bass a 1960. Babban bambancinsu shi ne Jazz tana da maganaɗisun ɗaukar sauti guda biyu, ɗaya kusa da wuya, ɗaya kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa kansa a gindin jita. To abin da makaɗan reggae da yawa suke yi da Jazz shi ne su kashe na kusa da jaki, su bar na wajen wuya shi kaɗai, wanda kuma wurinsa kusan ɗaya ne da inda maganaɗisun taka jitar yake. Har ma kana da wata riba, domin tun 1957 aka raba maganaɗisun Precision gida biyu yadda zai danne zugin lantarki, alhali na Jazz idan aka bar guda ɗaya yakan yi zugi. Robbie Shakespeare, wanda a hannun Family Man ya koyi kiɗa, ya yi aiki da jitar bes ta kamfanin Hofner mai gajeren wuya da ramin ciki, wadda ba ta kama da Jazz ta kowace fuska, kuma babu wanda ya taɓa cewa sautinsa bai kai zurfi ba.

Yana da kyau ka san daga ina kunnen makaɗan Jamaika ya ɗauko wannan sauti. A zamanin kiɗan ska, farkon shekarun 1960, babban bes na tsaye ake kaɗawa, irin wanda Lloyd Brevett ya riƙe a ƙungiyar Skatalites, sautinsa kuwa mai kauri ne, yana fitowa da ƙarfi ya mutu da wuri. Wajen 1966 kiɗan ya lafa, ya zama abin da ake kira rocksteady, bes na lantarki ya karɓi fili, makaɗa irin su Jackie Jackson a sutudiyon Treasure Isle da Leroy Sibbles a Studio One suka fara ba shi muryar kansa a cikin waƙa. Amma kaurin bes na tsaye bai bar kunnuwansu ba. Ƙari a kan haka, ana yin fayafayan ne domin a saka su a manyan lasifikokin da ake girkewa a filayen rawa na Kingston, babban birnin Jamaika, inda ake so mutum ya ji bes a ƙirjinsa kafin ya ji shi a kunne.

Tsirkiyarka mafi kauri, wato E, idan ka kaɗa ta a sake tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, ta A kuma sau 55. Amma ba wannan sautin kaɗai take fitarwa ba, tana haɗawa da wasu sirara a samansa, ninki biyu, ninki uku, har zuwa sama can inda ƙarar ƙarfe take. Zurfin da kake nema yana samuwa ne ta hanyar rage waɗannan na sama. Mafi yawan masu koyo suna barin su yadda suke, su yi ta ƙara na ƙasa, shi ya sa suke ƙarewa da ƙarar ƙarfe da gurnani a lokaci guda.

Ka fara da hannun da kake kaɗawa da shi, domin a nan ne mafi girman canjin yake, kuma ba ya cin ko sisi. Idan ka kaɗa tsirkiya kusa da jaki, inda take a ɗame, sautin sama ne yake rinjaye. Ka matso da hannunka zuwa inda wuya ya haɗu da gangar jikin jita, ko ma ka hau kan ƙarshen wuyan kaɗan, za ka ji sautin ya yi kauri nan take ba tare da ka taɓa komai a amfilifaya ba. Daga nan sai ka duba da wane ɓangare na yatsa kake taɓa tsirkiyar. Farce da bakin yatsa suna kawo kaifi, tsokar yatsa da gefen babban yatsa suna kawo taushi, don haka ka yanke farce, ka kwantar da yatsan ya ratsa tsirkiyar ya sauka a kan ta kusa da ita. Abu na uku shi ne ƙarfin kaɗawa, kuma shi ne ya fi wahalar koyo. Wanda yake son sauti mai nauyi yakan ɗauka sai ya finciki tsirkiya da ƙarfi, alhali fincika tana sa tsirkiyar ta doki ƙarafan wuya, wato siraran ƙarafan da aka jera a gicciye a kan wuyan jita, ta fitar da ƙarar da kake kuka da ita, sannan sautin ya faɗi da sauri bayan bugun farko. Ka ɗaga ƙarar amfilifaya sama da yadda ka saba, ka sassauta hannu har ya zama kamar shafa kake yi, ka bar lantarki ya ɗauki nauyin. Da farko za ka ji abin ya tona maka asiri, domin duk wata 'yar ƙara da hannunka ya yi ba da niyya ba za ta fito fili, amma wannan ne yake koya wa hannu nutsuwa.

Shi ma hannun da yake kan wuya yana da nasa rabo. Sauti guda ana iya samunsa a wurare da yawa, kuma wanda aka danna a tsirkiya mai kauri can tsakiyar wuya ya fi wanda aka danna a siririyar tsirkiya cika. Ka riƙa fifita E da A, ka rage dogaro da tsirkiya a sake, domin ita tana ci gaba da amo bayan ka wuce ta.

Bayan hannu sai tsirkiyoyi, kuma a nan ne zan fara cewa ka kashe kuɗi. Kusan duk jitar da ake sayarwa yau tana zuwa da tsirkiyoyi masu kaushi, waɗanda aka naɗe da waya mai zagaye, irin waɗanda suka yaɗu bayan kamfanin Rotosound na Ingila ya fitar da nasa a shekarun 1960 domin makaɗan da suke son kaifi. Kafin su, masu sulɓi ake amfani da su, waɗanda aka naɗe da waya shimfiɗaɗɗiya, kuma a kwalinsu za ka ga an rubuta flatwound. Masu sulɓin ba sa ƙara idan yatsa ya zame a kansu, sautinsu na sama kaɗan ne, kuma suna ƙara daɗi idan sun tsufa, har mutum ya yi shekaru bai canza su ba. Sun fi tsada, wasunsu kuma sun fi jan wuyan jita, saboda haka bayan ka ɗaura su wuyan zai iya buƙatar gyara. Idan ba ka da halin sayensu yanzu, to ka daina canza waɗanda kake da su, ka bar su su dushe. Akwai kuma tsohuwar dabara ta sutudiyo: ka yanki soso ka cusa shi ƙarƙashin tsirkiyoyi daf da jaki, ya taɓa su kaɗan ba tare da ya shaƙe su ba. Fender kansa ya riƙa manna irin wannan soso a cikin murfin jakin tsofaffin jitocinsa, kuma James Jamerson na kamfanin Motown a Amurka da shi ya yi aiki. Sautin zai gajarta ya koma kusa da na bes na tsaye.

A jikin jitarka akwai abin murɗawa guda biyu, na ƙara da na kaifin sauti. Ka buɗe na ƙara gaba ɗaya, ka rufe na kaifi, sannan ka riƙa buɗe shi kaɗan-kaɗan har ka fara rarrabe sauti da sauti, ka tsaya a nan. A amfilifaya kuma ka mayar da komai tsakiya, ka rage tirebul, wato sautin sama, sosai, ka rage sashen sama na tsakiya, ka ƙara bes ɗan kaɗan kawai. Nauyin da ake ji a ƙirji yana tsakanin 60 zuwa 100 Hz ne (Hz shi ne yawan karkarwa a daƙiƙa ɗaya), abin da yake ƙasa da 40 kuwa yawanci wahalar da lasifika yake yi ba tare da ya ƙara wa waƙa komai ba. Kada ka share sashen ƙasa na tsakiya, wajen 150 zuwa 300 Hz, domin a nan kunne yake gane wane sauti ka danna. A reggae bes ne yake ɗauke da karin waƙa, idan mai sauraro bai iya bin karin ya rera shi da baki ba, to zurfin ya zama asara. Ka kuma lura da inda ka ajiye lasifikar. Kusurwar ɗaki tana kumbura sautin ƙasa, ta sa wasu sautuka su yi ruri wasu su ɓace, don haka sau da yawa janyo ta daga bango kaɗai yana maganin gurnani.

Akwai iyakar da dole in faɗa maka. Ƙaramar amfilifayar koyo mai lasifika inci 8 ba za ta iya tura iskar da wannan sauti yake buƙata ba, kuma idan ka tilasta mata sai ta yi ta ɓarɓarniya ko ta lalace. Lasifika inci 15, ko inci 10 guda huɗu a akwati ɗaya, tare da amfilifaya mai isasshen ƙarfi, su ne suke fitar da shi yadda ya kamata. Idan akwai abin da za ka tara kuɗi dominsa, wannan ne, ba sabuwar jita ba. Kafin nan, na'urar sauraro ta kunne mai kyau za ta nuna maka ainihin abin da hannunka yake fitarwa.

Duk wannan ba zai zama reggae ba sai ka koyi barin gurbi. A salon ganga da Carlton Barrett, ƙanen Family Man, ya shahara da shi, idan ka ƙirga ɗaya zuwa huɗu, babbar ganga ba ta sauka a kan ɗaya, sai a kan uku. Bes yana zagaya wannan gurbin, wani lokaci ya shiga, wani lokaci ya bar shi fayau. Idan ka saurari Errol Holt na ƙungiyar Roots Radics, ko haɗe-haɗen King Tubby, injiniyan sauti na Jamaika, inda ake cire komai a bar ganga da bes, za ka ga shirun da ke tsakanin sautuka shi ne yake sa na gaba ya yi nauyi. Saboda haka ka koyi kashe sauti da gangan, ta hanyar ɗaga yatsan da ya danna ba tare da ya bar tsirkiyar ba, kuma ka ba ƙarshen kowane sauti kulawar da kake ba farkonsa. Ka riƙa ɗaukar kanka kana saurare, domin mai kaɗawa yakan yi gaggawa bai sani ba, shi kuwa wannan kiɗan yana son a ɗan jingina baya.

Game da rashin son rabuwa da ita, ina ganin ranka ya faɗa maka gaskiya. Hannunka ya riga ya san kaurin wuyanta da nisan ƙarafanta, kuma wannan sabo yana ɗaukar lokaci kafin a gina shi a kan wata. Family Man da hannunsa ya harhaɗa bes ɗinsa na farko da katako. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi Hofner ɗinsa ta farko a Hamburg a 1961 saboda ita ce aljihunsa ya iya ɗauka, aka sace ta a 1972, kuma bayan duk jitocin da ya mallaka bai daina son ganinta ba, har aka sanar da dawowarta hannunsa a 2024. Jita mai araha ba ta da farashi a kasuwa, abin da za a ba ka ba zai kai rabin sabuwa ba, kuma wanda ya sayar da ta farko ba kasafai yake sake samunta ba.

Abin da take buƙata shi ne gyara. Ka kai ta wurin mai gyaran jita ya daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya, ya saita tsayin tsirkiyoyi yadda ba za su riƙa dukan ƙarafa ba, ya duba ko sautin yana daidai a ƙarfe na 12, ya kuma share abubuwan murɗawa idan suna ƙara. Idan ya gano wuyan ya murɗe yadda sandar ba za ta iya miƙar da shi ba, a nan ne kaɗai zan ce ka nemi wata, ko ka canza wuyan, tunda a irin fasalin taka da kusoshi huɗu ake ɗaure shi. Idan kuwa wuyan lafiya yake, ka ɗaura tsirkiyoyi masu sulɓi, ka yi wata biyu ko uku kana kaɗawa a bakin wuya da sassauƙan hannu, sannan ka ari Jazz Bass ka gwada su a amfilifaya ɗaya kafin ka yanke shawara.